Mu Shigo Da Ilimin Kimiyya Cikin Makarantar Garinmu

Ga jawabin da wani ma'aikacin yaƙi da jahilci ya yi wa iyayen yara a wani gari na bakin Komadugu, kusa da Diffa. Mun buga shi don a karanta a wuraren karatun manya, a yi shawara a kansa.



Bulama, liman, malaman makaranta, iyayena maza da mata, ƴan'uwana masu karatun yaƙi da jahilci, ina gaishe ku baki ɗaya. Na san kun baro aiki. Wani ya baro ban-ruwa, wata ta baro tukunya bisa wuta. Allah shi saka muku da alheri.

Maganar da ta kawo ni yau guda ce. Ina so mu shigo da ilimin kimiyya cikin makarantar garin nan. Kuma ina so mu fara bana, da abin da yake hannunmu.

Zan fara da labari. Na san wani manomi a bakin kogin nan. Tattasansa ya fara fure, sai injin ban-ruwa ya tsaya. Ya ja igiya har hannunsa ya yi kanta, inji ya ƙi tashi. Ya nemi amalanke ya kai shi Diffa. Ya kwana biyu yana jiran bakanike. Da bakanike ya zo, sai ya kwance buji ya goge, ya wanke matacin iska, ya ja igiya sau ɗaya, inji ya tashi. Aikin bai kai rabin awa ba. Amma kafin manomin ya koma, rana ta bugi gonar, furen da yawa ya zube.

Mutumin nan yana da ɗa a aji shida. Yaron ya iya karatu. Amma ba a taɓa nuna masa cikin inji ba. Da an nuna masa, da ubansa bai yi wannan hasara ba.

Mene ne wannan ilimi?

Abu huɗu ne, kuma duka kun san su, suna ne kawai baƙo.

Na farko kimiyya. Ita ce tambayar dalili. Me ya sa ganye ya yi rawaya? Me ya sa wata fadama ta yi fari da kanwa? Mai kimiyya yana dubawa, ya gwada, ya rubuta abin da ya gani.

Na biyu fasaha. Ita ce sanin kayan aiki: injin ban-ruwa, farantin hasken rana, salula, kwamfuta. A san yadda ake aiki da su, da yadda ake gyara su.

Na uku aikin injiniya. Shi ne tsara abu kafin a gina shi: hanyar ruwa, gada, rijiya, ganuwar tare ambaliya.

Na huɗu lissafi. Shi ne uwarsu duka. Ba a awo sai da shi, ba a gini sai da shi, ba a ciniki sai da shi.

Mai sassaƙa jirgi yana da rabonsa cikin wannan ilimi. Maƙeri ma haka. Mace mai riƙe kuɗin adashi ma haka. Abin da makaranta take ƙarawa shi ne awo da rubutu. Abin da aka auna aka rubuta ba ya ɓacewa, ko mai shi ya rasu.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne

Na san abin da yake zukatan waɗansunku. An daɗe ana cewa karatun lakwal yana raba yaro da addininsa. Waɗansu sun ɗauki bindiga kan wannan magana. Mun ga abin da ya biyo baya. Ranar 6 ga Fabrairu 2015 Boko Haram suka kawo hari Boso da Diffa. Garuruwa suka watse, makarantu da yawa suka rufe, mutane suka koma zaman bukkoki a gefen kwalta. Har cinikin tattasai aka hana, sai a 2017 aka sake buɗe shi. Ba wanda ya ba mu labari, mu ne muka sha wannan wahala.

To, bari mu duba tarihi, ga liman nan shaida. Kimanin shekaru 1,200 da suka wuce an yi wani malami a Bagadaza, sunansa Alkawarizmi. Shi ya rubuta littafin lissafin da ake kira aljabara, wanda yaranmu suke koya a kwaleji har yau. Babban sashe na littafin nan a kan rabon gado da wasiyya yake. Wanda bai iya kasafi ba, ta yaya zai fitar da tumunin takaba?

An yi wani malami Bakatsine, Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi. Ya rubuta littafi a kan lambobi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741.

Mu dawo gida. Sarkin Barno Mai Idris Alauma ya yi mulki a Birnin Gazargamu, can hayin kogin nan, shekaru fiye da 400 da suka wuce. Ya gina masallatai da jan tubali. Ya sa aka yi manyan jirage don ƙetare ruwa. Ya daidaita mudun awon hatsi don kada a cuci talaka. Gini, jirgi, awo: ai wannan shi ne ilimin da nake magana. Lise ta Diffa sunansa take ɗauke da shi.

A zamaninmu kuma an yi Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a 1929. Ya zama babban malamin kimiyya. Ya shugabanci ofishin binciken hasken rana na ƙasarmu, ONERSOL, daga 1969 zuwa 1985. Can aka ƙera tukwanen dafuwa da na ɗuma ruwa masu aiki da rana. Ya rasu a 1991, jami'ar Yamai kuma ta ɗauki sunansa. Ɗan ƙasar nan ne, kamar ɗiyanku.

Ba sai mun jira gini ba

Wani zai ce: "Mushe, ajinmu na zana ne. Ba mu da lantarki, ba mu da ɗakin gwaji. Da me za mu koyar da kimiyya?"

Gaskiya ne ba mu da su. Ni ma na riƙe alli, na san ajin da ba ya da ko teburi. Amma Allah ya ba mu ɗakin gwaji babba. Ga kogi, ga gona, ga rana, ga inji. Bari in ba ku darasi biyar da za a iya farawa da su ba tare da kuɗi mai yawa ba.

Darasi na ɗaya: awon ruwan sama

A samo gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda bakinsa da gindinsa faɗinsu ɗaya. A ɗora shi bisa turke a fili, nesa da itace. In an yi ruwa, yaro ya sa abin awo ya duba zurfinsa, ya rubuta cikin kaye tare da kwanan wata.

Milimita 1 cikin gwangwani yana nufin lita 1 ta sauka kan kowane fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1. In an sami milimita 20, to gona mai hekta 1 ta sha lita 200,000. Wato duro 1,000 mai cin lita 200. Malaman gona sukan ba da shawara a jira ruwa kamar milimita 20 kafin a shuka gero. Sau nawa muka yi shuka bayan yayyafi, iri ya ƙone cikin ƙasa? A ƙasarmu ruwan shekara duka bai cika wuce milimita 300 da yawa ba. Mai ɗan kaɗan shi ya fi kamata ya iya ƙirga.

Darasi na biyu: kogi

Ku tambayi yaro: me ya sa Komadugu yake cika bayan damana ta wuce? Sama ta ɗauke, ana girbi, amma ruwa sai ƙaruwa yake yi. Daga ina yake zuwa?

Amsar ita ce ruwan ba namu ba ne. Daga nesa yake tasowa, daga ƙasar Kano da duwatsun Jos da Bauci. Kogin Haɗeja da kogin Jama'are su suke haɗuwa su zama namu. Ruwan yana bazuwa cikin fadamun Haɗeja da Nguru, yana tafiya sannu, sai bayan watanni ya iso mana, ya wuce Boso ya faɗa tafkin Cadi. A can sama an gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Calawa a 1992. Abin da aka tare can, da abin da aka saki, duka muna ganinsa nan.

A Bagara, kusa da Diffa, akwai ma'aunin da ma'aikatan ruwa suke duba tsawon kogi da shi. Mu ma za mu iya kafa namu. A kafa ƙaƙƙarfan turke a mashaya, a zana masa layi kowane santimita 10. Kowace safiya babban mutum ya raka yara biyu su duba su rubuta. Kada yara su je su kaɗai.

Mun sha ambaliya a 2012, da 2019, da 2022. Gonaki sun nutse, gidaje sun rushe. Turke ba zai hana ruwa zuwa ba. Amma in kaye ya nuna ruwa yana hawa santimita 5 kowace rana, kuma saura santimita 30 ya kai bakin gona, yaron aji biyar zai gaya muku saura kwana 6. Cikin kwana 6 ana iya janye inji, a kwashe hatsi, a cika buhunan rairayi.

Darasi na uku: gonar makaranta

Kafin a yi rainon tattasai, a ƙirga ƙwayar iri 100. A jera su bisa jiƙaƙƙen buhu, a rufe, a riƙa yayyafa ruwa. Bayan mako biyu a ƙirga waɗanda suka tsiro. In 90 suka fito, iri mai kyau ne. In 40 ne kawai, a nemi wani tun da sauran lokaci.

Sai a yi fangali biyu masu girma ɗaya. A dasa iri ɗaya, rana ɗaya, a ba su ruwa daidai. Ɗaya a sa masa takin gida, ɗaya a bar shi haka. In sun nuna, a tsinke a auna. A shanya a sake aunawa. Yara za su ga amfanin taki da idonsu. Za su kuma san kilo nawa na ɗanye yake ba da kilo 1 na busasshe. Gani ya kori ji.

Darasi na huɗu: awon gona da ciniki

Bari in gwada ku. Hekta 1 ita ce fili mai mita 100 tsawo, mita 100 faɗi. To, gona mai mita 50 tsawo, mita 50 faɗi fa? Na ji waɗansu sun ce rabin hekta. A'a. Ku buga 50 sau 50, zai ba ku 2,500. Hekta kuwa 10,000 ce. Ashe gonar kashi ɗaya ce cikin huɗu.

A ce malamin gona ya gaya maka buhu 4 na taki ake sa wa hekta. Kai ka ɗauka gonarka rabi ce, ka sayi buhu 2. Alhali buhu 1 ya ishe ka. Ka yi hasarar kuɗin buhu guda, wataƙila kuma ka ƙona shuka.

Haka yake wajen bashi. Ɗan kasuwa ya ba ka mai da taki lokacin dashe, ka biya da buhunan tattasai lokacin tsinka. Wa ya lissafa maka kuɗin abin da ka karɓa da kuɗin abin da ka biya? Ga kuma canji tsakanin naira da sefa, yau ya hau gobe ya sauka. Ba na zagin ƴan kasuwa, da yawansu sun rufa mana asiri lokacin wuya. Amma ciniki ya fi daɗi in mai saye da mai sayarwa duka sun iya lissafi.

Darasi na biyar: inji da rana

A nemi mataccen injin ban-ruwa, wanda aka jefar bayan ɗaki. A kawo shi makaranta. Bakanike ya zo sau ɗaya a wata, ya kwance shi gaban yara. Ya nuna musu buji, da matacin iska, da inda mai yake bi, da fankar da take tura ruwa. Su kwance da hannunsu, su mayar.

Su koyi auna ƙarfin inji kuma. In ya cika duro mai lita 200 cikin daƙiƙa 40, to yana ba da lita 5 kowace daƙiƙa, wato lita 18,000 cikin awa guda. In wata rana ya ɗauki daƙiƙa 60, an san akwai abin da ya taɓu, tun bai tsaya ba.

Farantin hasken rana ya shigo garuruwanmu. Da shi muke cajin salula, waɗansu har ban-ruwa suke yi da shi. Yara su gwada: faranti mai ƙura da wanda aka goge, wanne ya fi ba da wuta? Wanda yake cikin inuwa da wanda yake fili fa? Rana kyauta ce a Manga. Sanin aiki da ita shi ne abin nema.

Ina hanyar take kaiwa?

Kada ku ce wannan wasan yara ne. Yaron da ya saba da awo tun firamare ba ya jin tsoron lissafi a kwaleji. Daga kwaleji akwai lise, akwai makarantun koyon sana'a. Tun 2014 gomnati ta kafa jami'a a Diffa, inda ake karatun noma da kula da muhalli. Ɗanka zai iya zama malamin gona bai yi nisa da gida ba.

Ku duba arewa kuma. Man fetur na Agadem cikin jaharmu yake. An fara haƙo shi a 2011, ana tura shi matatar Damagaram. An kuma shimfiɗa bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa bakin teku a ƙasar Benin, man ya fara fita ta can a 2024. Aikin nan yana bukatar masu awo, masu walda, masu lantarki, injiniyoyi. In ɗiyanmu ba su koya ba, za a kawo waɗansu daga nesa. Namu su tsaya gadi a bakin ƙofa, ko dako.

Ga yamma, wajen Maine-Sorowa da Gudumariya, rairayi yana binne kwaruruka masu dabino da kanwa. Masu tsayar da tudun rairayi sai sun san inda iska take fitowa, da tazarar da za a bari tsakanin shinge da shinge. Wannan ma awo ne.

Akwai abin da ya fi duka nauyi. Saurayin da ba ya da karatu, ba ya da sana'a, shi ne mai sauƙin ruɗi. Kun san ɗiyan da aka yaudara da babur da ɗan kuɗi, ba su dawo ba. Wanda ya iya gyaran inji yana da abin yi, yana da mutunci a gari. Da wuya a saye shi.

Ɗiya mata fa?

Iyayena mata, da ku nake. Ana cewa lissafi na maza ne. Wa yake raba tiya guda ta ishi gida? Wa yake riƙe adashin mutum 20 a ka, bai ɓata ko dala ba? Ku ne. Ɗiyar da ta gaji wannan kai, in an bar ta a aji, za ta zama ungozomar asibiti, ko mai gwajin jini, ko malamar lissafi. Kowa yana so mace ta duba matarsa ranar haihuwa. To, ɗiyar wa za ta yi karatun, in kowa ya cire tasa daga aji biyar? Ku bar su su gama. In an kwance inji, a ba su sufana su ma.

Abin da nake roƙo

Na ɗaya, Bulama ya ba makaranta ɗan fili kusa da ruwa, a yi masa shinge.

Na biyu, masu sana'a su ba da awa guda a wata: bakanike, maƙeri, magini, masunci, tsohon manomi. Su yi bayani da Barbarci ko Hausa ko Fillanci, harshen da yaro yake ji. Mushe ya rubuta a allo, ya haɗa da darasin da yake cikin tsarin karatu.

Na uku, lokacin tsinka kowane gida ya ba da tiya guda ta busasshen tattasai. Kwamitin makaranta, wato Kojes, ya sayar, ya sayo igiyar awo, sikeli, ma'aunin zafi, madubin ƙara girma, da kaye. A rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, a karanta gaban jama'a. Kuɗin jama'a in ba a rubuce yake ba, shi yake kawo zargi.

Na huɗu, kada a cire yaro daga aji don ban-ruwa ko kiwo. Na san aiki yana da yawa. A ba shi aikinsa da marece da ranakun hutu.

Na biyar, akwai abin da ya fi ƙarfinmu: ƙarin malamai, aji na siminti, ɗakin gwaji a kwaleji. Wannan na gomnati ne. Ku da kuka iya rubutu yanzu, ku rubuta takarda da hannunku zuwa ga hukumar komin da sufeton makarantu. Ku haɗa da kayen yara, a ga abin da kuka riga kuka yi. Mai nema da aiki a hannu ya fi mai nema da baki kawai.

Ku kuma ƴan'uwana na ajin manya, kada ku ji kunya. In yaro ya dawo, ku ce ya nuna muku kayensa. Ku auna gonarku tare. Shi ya riƙe igiya, kai ka rubuta. Ranar nan za ka ga amfanin karatunka, shi ma ya ga amfanin nasa.

Malam bahaushe ya ce da yayyafi kogi kan cika. Mu mutanen bakin Komadugu mun fi kowa sanin haka. Gwangwani guda da turke guda sun isa a fara. Kafin mu tashi, ina so mutum uku su ɗaga hannu: mai ba da gwangwani, mai kafa turke, da mai kawo mataccen inji.

Allah shi ba mu zaman lafiya a Manga. Allah shi raya mana ɗiyanmu, shi ba su ilimi mai amfani.